Ma'ajiyar keke a gida: Hanyoyi masu sauƙin kuɗi ga mazauna Birnin Kudu da Gwaram

Tun daga ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Bola Tinubu ya ayyana janye tallafin man fetur, keke ya dawo da martabarsa a garuruwan Arewa. Litar man da ake saye ƙasa da Naira 200 kafin wannan rana ta haura Naira 500 cikin 'yan kwanaki, ta kai Naira 617 a watan Yulin shekarar, sannan ta zarce Naira 1,000 a Oktoban 2024. Magidanta da dama sun jingine babura, sun kakkaɓe tsofaffin kekunan da suka daɗe a lungun ɗaki.

A ƙananan hukumomin Birnin Kudu da Gwaram da ke kudancin Jihar Jigawa, wannan sauyi ya shafi jama'a masu yawa. Ƙidayar 2006 ta nuna Birnin Kudu na da sama da mutum 300,000, Gwaram kuma sama da 270,000, akasarinsu manoma ne da ke zaune a ƙauyuka masu tazara da juna. Da keke ake zuwa gona da fadama, da shi ake kai buhun riɗi ko na gyaɗa kasuwar Sara, da shi ɗalibi ke zuwa makaranta, ƙaramin ma'aikaci kuma ofis. Ga iyalin da ke rayuwa a kan mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 da aka amince da shi a Yulin 2024, ko ma ƙasa da haka, keke jari ne, rasa shi kuwa na nufin komawa tafiyar ƙasa ko biyan kuɗin acaɓa kullum.

Duk da haka, a gidaje da yawa keke na kwana ne a jingine jikin katanga, ruwa ya dake shi, rana ta gasa shi. Abin da yake buƙata bai wuce abu uku ba: rufi a samansa, busasshen daɓe a ƙarƙashinsa, da turken da za a ɗaure shi. Dukkansu ana iya samar da su da kayan da ke cikin gari.

Abin da ke kashe keke a waje

Kudancin Jigawa ya fi arewacin jihar samun ruwan sama. Damina kan kankama daga wajen Mayu ko Yuni zuwa ƙarshen Satumba, ta fi ƙarfi a Agusta. Kekunan da aka fi hawa a yankin, irin su Phoenix na Shanghai da Hero na Indiya, da tsofaffin Raleigh da aka taɓa haɗawa a Kano, duk da baƙin ƙarfe aka yi su. Da zarar fenti ya kankare, ruwa da iska suka taɓa ƙarfen, tsatsa ta samu ƙofa. Takan fara da kaca da wayar birki da bakin wili, daga nan ruwan ya gangara ta bututun sirdi ya taru a gindin feda, ya wanke giris, ya cinye boris.

Bazara na da nata ta'adin. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40 a ma'aunin Salsiyas. Hasken rana na busar da roba, taya ta tsattsage tun ba ta suɗe ba, sirdi ya dare, faci ya ɗago. Sai hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da ƙura ke mannewa a jikin man kaca ta zama kamar dutsen wasa wuƙa, tana cin haƙoran kacar a kowane juyi.

Akwai kuma maɓarnatan cikin gida da ba a cika lura da su ba. Akuya na tauna sirdi da robar hannu. Fitsarin dabbobi da ke jiƙa ƙasar garke na gaggauta tsatsa. Takin zamani, musamman yuriya, na jan laima kuma yana cin ƙarfe, don haka jingine keke a jikin buhunan taki kuskure ne da ake biyan kuɗinsa wajen mai gyara. Na ƙarshe shi ne ɓarawo, wanda aikinsa na dare ɗaya ne.

Zaɓen wuri a cikin gida

Tsarin gidan Bahaushe ya tanadi wurare uku da keke ke iya kwana: zaure, farfajiyar da ke tsakanin zaure da cikin gida, da tsakar gida. Zaure na da rufi, amma wuri ne na kowa da kowa, kuma sau da yawa ƙofarsa a buɗe take wuni. Tsakar gida ta fi tsaro, sai dai nan ne yara da dabbobi da wanke-wanke suke. Farfajiya, inda take, ita ce ta fi dacewa, domin tana bayan ƙofa kuma ba a ganinta daga titi.

Kafin a kafa komai, a lura da abu huɗu. Na farko, hadarin damina a wannan yanki daga gabas yake tasowa da iska mai ƙarfi, shi ya sa bangon gabas ya fi zaizayewa a gidajen ƙasa. Iskar hunturu kuma daga arewa maso gabas take busowa. Saboda haka rumfa ta juya wa gabas baya, a toshe gefenta na arewa, bakinta ya kalli kudu ko yamma. In ya kalli yamma, a rataya zana ko tsohuwar tabarma don tare ranar la'asar.

Na biyu, a kauce wa ƙarƙashin indararo da hanyar da ruwa ke bi zuwa rariya. Hanya mafi sauƙi ta gane wurin da ya dace ita ce a zagaya gidan bayan an ɗauke ruwa, a ga inda ya fara bushewa. Na uku, a nisanci murhu da madafa, musamman in rufin na kara ne ko ciyawa, domin gobarar hunturu ba ta sallama. Na huɗu, kada rumfar ta zama tsani ga mai haura katanga: rufinta ya kasance ƙasa da kan katangar sosai, kuma nesa da kusurwar da ke kallon lungu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Keken manya na da tsawon kusan mita 1.8, faɗin kansa kusan santimita 60, tsayinsa kuma ya ɗan haura mita 1. Fili mai tsawon mita 2 da faɗin mita 1 ya ishi keke ɗaya. Kowane ƙarin keke na buƙatar ƙarin rabin mita a faɗi, in aka juya kan ɗaya gaba, ɗaya baya.

Rufi: daga kara zuwa kwano

*Rumfar kara da zana.* Ita ce mafi araha, kuma kusan kowane manomi ya iya ta. Bayan girbin dawa da gero kara na wadata. Ana buƙatar gofa huɗu, ko biyu in za a jingina da katanga, da sandunan gicciye, da igiyar rama ko ta kaba. Darbejiya da turare na bayar da sanduna miƙaƙƙu. Azarar giginya ta fi jure wa gara, amma ta fi tsada. Kara kaɗai inuwa yake bayarwa, ba ya tare mamakon Agusta. Maganin wannan shi ne a shimfiɗa leda mai kauri ko buhunan da aka farke aka ɗinke a tsakanin shimfiɗa biyu na kara, ta yadda na sama zai kare ledar daga rana, ita kuma ta tare ruwa. Rufin ya kasance a karkace sosai don ruwa ya zarce. Irin wannan rumfa na son sabuntawa duk shekara ko shekara biyu.

*Rumfar kwano a jikin katanga.* Ita ce ta fi dacewa da wanda ke zaune a gidansa. Fallen kwano na yau da kullum tsawonsa ƙafa 6 ne, wato kusan mita 1.8, kuma falle uku zuwa huɗu sun rufe keke ɗaya ko biyu. Ba dole ne a sayi sabo ba: tsohon kwanon da aka cire daga wani gini na yin aikin, a toshe ramukan ƙusa da kwalta. A bar kwanon ya zarce wurin keken da aƙalla santimita 30 ta kowane ɓangaren da ke buɗe, saboda feshi. A buga ƙusa a kan tudun kwanon, domin ta kwarin ne ruwa ke bi. Kuma a ɗaure katakon rufin da waya a jikin ginshiƙai, maimakon ɗora duwatsu a sama, domin iskar farkon damina kan yaye kwano ta jefar da dutsen kan mutane.

*Tamfol.* Wanda ba shi da ikon kafa rumfa na iya amfani da tamfol ko tsohuwar ledar talla, amma da sharaɗi. Naɗe keke ruf da leda na tara gumi a ciki, ƙarfen ya kwana a jiƙe, tsatsa ta fi ta wanda aka bari a fili. A ɗaura tamfol ɗin kamar tanti, gefe ɗaya a ƙusoshin katanga, ɗayan a turaku, a bar tazarar taƙi guda daga ƙasa don iska ta ratsa.

*Ƙugiya a bango.* A gidan haya mai ƙunci, inda fili ya yi kaɗan, maƙeri ko mai walda na iya lanƙwasa rodi ya zama ƙugiya biyu, a naɗe su da tsohuwar robar cikin taya, a rataye keken a ƙarƙashin baranda. Wannan na son bangon bulo da siminti. Bangon ƙasa ba ya riƙe nauyin keke na tsawon lokaci. Ɗan haya ya nemi yardar mai gida tukuna, ya fi kyau a gaban shaida, a kuma yi magana a kan wanda zai mallaki kayan ranar tashi.

Farashin kwano da katako na canjawa daga wata zuwa wata, don haka ma'aunin da ya fi amfani shi ne a kwatanta kuɗin rumfa da kuɗin gyara. Mai keke ya tambayi mai gyara farashin taya biyu da kaca da sirdi da boris, ya haɗa, sannan ya tambayi farashin falle uku na tsohon kwano. Rumfar ana yin ta sau ɗaya, kayan gyaran kuwa keken da ke kwana a fili yakan nemi wasunsu kusan kowace shekara.

Daɓe da maganin gara

Rufi ba ya wadatarwa in taya na tsaye cikin taɓo. A ɗaga ƙasan rumfar da santimita 10 zuwa 15 a kan tsakar gida, a ɗan karkatar da ita zuwa waje. Yankin Birnin Kudu da Gwaram ƙasar duwatsu ce, tsakuwa da marmara ba su da wuyar samu. A zuba marmara a daddaɓe, a bi da tsakuwa a sama. Daɓen gargajiya da ake yayyafa wa ruwan makuba na bawon ɗorawa shi ma na yin aiki, haka ma ɓaraguzan bulo da aka jera. Ambaliyar 2022, wadda ta rusa dubban gidaje a Jigawa, ta nuna cewa a unguwannin kwari ɗan tudun nan ma kan gaza. A irin waɗannan wurare, ƙugiyar bango ita ce madogara a watan Agusta da Satumba.

Gara na cin gofa daga gindi. Ana rage ɓarnarta ta hanyar babbake gindin itacen kafin a binne, ko shafa masa baƙin mai, ko ɗora shi a kan faffaɗan dutse. Baƙin mai guba ne: a shafa shi a jikin itacen kawai, kada a kwarara cikin rami, kuma a nisanta shi da rijiya.

Turke da kwaɗo

Makullin da ke zuwa manne da wilin baya na hana a hau keke ne kawai. Ɓarawo na iya saɓa shi a kafaɗa ya miƙa wa na bayan katanga. Keken da ba a ɗaure shi da wani abu kafaffe ba, bai kullu ba.

Turke mafi sauƙi shi ne rodi mai kaurin milimita 12 ko 16, a lanƙwasa shi kamar baka, a tanƙware ƙarshensa biyu don kada ya zare. A haƙa rami mai zurfin santimita 40, a kwaɓa siminti kwano ɗaya da yashi kwano biyu da tsakuwa kwano huɗu, a dasa rodin a bar kansa a waje, a riƙa yayyafa ruwa har kwana 7 kafin a fara amfani da shi. Ragowar siminti daga wurin gini ta isa wannan aiki. Gidan da ke da kekuna da yawa na iya sa mai walda ya yi irin madogarar da ta samo suna daga birnin Sheffield na Ingila: bututun ƙarfe da aka lanƙwasa kamar ƙofa, tsayinsa kusan santimita 75, ƙafafunsa biyu cikin kankare, yana ɗaukar keke biyu, ɗaya a kowane gefe.

Wajen ɗaurewa, sarƙa ta ratsa gangar jikin keken da wilin baya da turken baki ɗaya. Wanda ya ɗaure wilin gaba kaɗai na iya wayar gari ya tarar da wilin, keken ya tafi. Kada kwaɗo ya kwanta a ƙasa, domin a nan ne ake samun damar dukansa da guduma. A zura sarƙar cikin tsohuwar robar taya don kada ta kankare fenti, a kuma ɗiga wa kwaɗon mai kafin damina da bayan hunturu. Araha ba ta ado: siririyar sarƙa da ƙaramin kwaɗo ba sa jure almakashin ƙarfe.

Kusan kowane keke na da lamba da masana'anta suka buga a jikinsa, galibi a ƙarƙashin gindin feda ko kusa da bututun sirdi. A ɗauki hotonta da na keken a waya, a adana rasit. Mai sayen keke na hannu ya nemi rubutacciyar shaida da ke ɗauke da wannan lamba, a gaban dillali ko shugaban masu sana'ar a kasuwa.

Abin da doka ta tanada

Kundin dokar laifuka na Arewa, wanda ya fara aiki a 1960, ya bambanta sata a fili da sata a cikin gida: ya sanya wa ta farko ɗaurin da zai iya kai wa shekara 5, ta biyu kuma shekara 7, sannan ya mayar da karɓar kayan sata da sani laifi mai zaman kansa. Jigawa na cikin jihohin da suka ƙaddamar da shari'ar Musulunci a shekarar 2000, kuma a fiƙihun Malikiyya ɗauke kaya daga hirzi, wato ma'ajiyar da aka saba adana irinsa, na cikin sharuɗɗan haddin sata. Abin da aka ɗauka a wajen hirzi hukuncinsa ta'aziri ne da alƙali ke yankewa. A dukkan tsare-tsaren biyu, wurin da kaya yake lokacin da aka ɗauke shi na da tasiri a gaban kotu.

In an yi sata, a sanar da mai unguwa da 'yan sanda da 'yan sintiri, a kuma kai lambar keken ga masu gyara da dillalan kasuwannin kusa, domin ta hannunsu keken sata ke bi. Wanda aka kama a miƙa shi ga hukuma. Dukan wanda ake zargi laifi ne, kuma ya sha faɗawa kan marar laifi.

Rabon ƙaramar hukuma

Jadawali na Huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya lissafa bayar da lasisin kekuna da kura da kwale-kwale da baro da amalanke a cikin ayyukan ƙaramar hukuma, tare da kula da kasuwanni da tashoshin mota. Dattawa na tuna lambar keke ta zamanin En'e. A wancan lokaci haraji ne manufarta, amma rajistar da ke haɗa lambar keke da sunan mai shi na iya zama kariya. Japan ta wajabta irin wannan rajista tun 1994, kuma da ita 'yan sanda ke gano mai keken da aka tsinta.

Wasu ƙasashe sun shigar da ma'ajiyar keke cikin tsarin gari. Dokar gine-gine ta Holan ta 2012 ta wajabta wa sababbin gidaje ɗakin ajiya na waje, birnin Utrecht kuma ya kammala ma'ajiya mai ɗaukar kekuna 12,500 a tashar jirgin ƙasa a 2019. A Landan ana kafa akwatunan ƙarfe a bakin titi, kowanne na ɗaukar keke 6, ga mazauna gidajen da ba su da fili. A Jihar Bihar ta Indiya, shirin bai wa 'yan mata kuɗin sayen keke da aka fara a 2006 ya ƙara yawan masu shiga sakandare a shekarun da suka dace da kashi 32 cikin 100, kamar yadda binciken Karthik Muralidharan da Nishith Prakash ya nuna. A Najeriya, Ministan Sufuri Ojo Maduekwe ya yi yekuwar hawan keke a 2001, har wata motar bas ta ture shi cikin kwata a Abuja, yekuwar kuma ta mutu saboda ba a gina mata hanya ko wurin ajiya ba.

Birnin Kudu da Gwaram ba sa buƙatar ginin Utrecht. Rumfar kwano da madogaran ƙarfe goma a ƙofar makarantar sakandare, ko asibiti, ko kasuwa, aiki ne da masu walda na gari za su gama cikin kwanaki. Tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ranar 11 ga Yulin 2024 cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, matasa na da hujjar tambayar kansila da shugaban ƙaramar hukuma ko akwai irin wannan aiki a kasafin kuɗi, da kuma neman a buɗe rajistar kekuna kyauta a ofishin mazaɓa. Ranar Keke ta Duniya, 3 ga Yuni, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware a 2018, tana zuwa ne daidai faɗuwar damina, lokacin da ya dace a gabatar da buƙatar.

A gida kuwa, lokacin aikin shi ne kaka zuwa bazara: a tara kara bayan girbi, a zuba turke da daɓe a rani, a ɗaure rufi kafin hadarin farko ya taso daga gabas.